Amsa: Yawo a Aljiyas da mai ciwon gwiwa

Malam, ka tambaya ko Hajiya za ta iya zaga Aljiyas, babban birnin Aljeriya, da ciwon gwiwarta. Za ta iya, amma sai da dabara, domin garin a jikin tudu yake zaune yana kallon teku.

Kasba, tsohuwar unguwar da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1992, matakala ce zalla, lunguna kuma mota ba ta shiga. Kada ku kuskura ku faro ta daga ƙasa. Ku ɗauki tasi ya kai ku can sama wajen Bab Jadid, sai ku gangaro a hankali har Masallacin Ketchaoua. Ni da na yi gardama na faro daga ƙasa, kwana biyu ina shafa man zafi.

Daga masallacin, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Dandalin Shahidai na kusa. Ku hau jirgin ku sauka a tashar Jardin d'Essai, sai ku hau motar igiya, wato wadda ke tafiya a rataye a jikin waya, zuwa Maƙam Shahid, hasumiyar da aka gina a 1982. Ran Juma'a dai yawancin shaguna a rufe suke har bayan sallah.