Ban Taɓa Cin Bashi Ba, Amma An Hana Ni Hayar Gida

Tambaya: Anti, barka da aiki. Na gama karatu a Amurka, na kama aiki wata biyu ke nan, ina neman gidan haya na farko. Wuri biyu sun ƙi ni, wai ba ni da tarihin bashi. Ni ko sisin wani ban taɓa ci ba. Ina laifina?

Amsa: Ƙanwata, laifi kam babu. A Amurka kamfanoni uku ne ke ajiye labarin yadda kowa ke cin bashi da yadda yake biya: Equifax, Experian da TransUnion. Daga bayanansu ake fitar da maki, wanda aka fi sani shi ne FICO, daga 300 zuwa 850. Kafin a ba ki makin FICO sai kina da asusun bashi ko da guda ɗaya da ya kai wata shida a buɗe. Ke kuwa da aka buɗe fayil ɗinki, wayam. Mai gida bai gan ki da mugun hali ba, bai dai san ki ba ne, kuma abu ɗaya ke ransa: ranar ɗaya ga wata kuɗinsa za su shigo ko kuwa?

To ki ba shi amsa da takarda. Ki haɗa wasiƙar ɗaukar aiki mai nuna albashinki, da takardun albashin wata biyun nan, da bayanan asusun banki na wata uku. In kin taɓa zama a ɗakin ɗalibai ko kin yi haya tare da wasu, ki karɓo shaidar cewa ba ki taɓa makara da biya ba. Yawancin masu gidaje suna so abin da ke shigo miki a wata, kafin a cire haraji, ya ninka kuɗin haya sau uku. Gidan dala 1,200 ke nan yana neman albashin dala 3,600. In lissafin bai kai ba, kada ki wahalar da kanki, ki nemi ƙaramin wuri ko abokiyar zama.

Ni da zan zaɓa miki, ki rage zuwa wajen manyan kamfanonin gidaje. Can sau da yawa kwamfuta ce ke tace masu nema, ita kuwa ba ta jin bayani. Mai gida ɗaya ko biyu, wanda shi da kansa zai buɗe miki ƙofa ya nuna miki inda ake kunna na'urar ɗumama ɗaki, shi ne zai zauna ya duba takardunki. Kuma kafin ki biya kuɗin cike fom, da galibi ba a mayarwa, ki faɗa masa gaskiya tun farko, ki tambaye shi ko yana karɓar wanda ba shi da maki.

Wuri biyun da suka ƙi ki, in da rahoton bashi suka kafa hujja, dokar tarayya ta 1970 ta wajabta musu su faɗa miki kamfanin da ya ba su rahoton, kuma kina da kwana 60 ki nemi kwafinsa kyauta. Ki nema. Akan samu bashin mai suna irin naki ya faɗo cikin fayil ɗinki.

Daga yau kuma ki buɗe katin bashi mai jingina, irin wanda za ki ajiye wa banki kamar dala 200, ita ce iyakar abin da za ki iya kashewa. Ki riƙa biyan kuɗin waya da shi, ki biya duka kowane wata. Zuwa wata shida kin samu maki.

Tambaya: Ɗan yayana zai kama haya a New York, ya roƙe ni in tsaya masa. Ba sa hannu ba ne kawai?

Amsa: Alhaji, ba kawai ba ne. Ranar da yaron ya kasa biya, kai za a nema, har da tarar makara da ɓarnar da aka yi a gidan. In abin ya kai ga kamfanonin da ke bin mutane su karɓo bashin da ba a biya ba, naka makin ne zai sha kashi. Idan da abokin zama a yarjejeniyar, kana iya wayar gari kana biyan kason yaron da ba ka taɓa gani ba. A New York masu gidaje sukan nemi abin da mai tsayawa ke samu a shekara ya ninka hayar wata sau 80. Ka karanta takardar da kyau, ka sa a rubuta cewa tsayawarka ta shekara ɗaya ce, ba ta bin sabunta haya. In ka san ba za ka iya biyan hayar nan daga aljihunka ba, ka ce masa a'a yanzu, ka taimaka masa da kuɗin kamfanin da ke tsaya wa 'yan haya. Suna nan, sai dai abin da aka biya su ba ya dawowa.

Tambaya: In biya hayar wata shida gaba ɗaya don mai gida ya yarda da ni?

Amsa: Ya danganta da jiha. New York tun 2019 ta hana karɓar fiye da kuɗin wata ɗaya a matsayin ajiya ko biyan gaba. Inda doka ta yarda ma, ban so ka kwashe duk abin da ka tara. Wanda kuwa ya ce ka tura kuɗi ta Zelle, manhajar tura kuɗi ta waya, kafin ka taka cikin gidan, wai ya yi tafiya zai aiko da makulli, ka kashe wayarka.