Ku Tambaya Mu Amsa: wai sai na feɗe mushe kafin in zama likitan dabbobi?

Tambaya: Salamu alaikum yaya, ni ɗan Tibiri ne na ci bak bana, ina son karatun likitan dabbobi amma an ce mani akwai feɗe mushe da wani darasin garkuwar jiki mai wuyar tsiya. Ni fa allura kawai nake son iyawa in taimaki tsohona da awakinmu, dole ne sai na bi duk wannan?

Amsa: Wa alaikassalam ƙanena, barka da cin bak. Allura kam ko yaron kanti a kasuwar dabbobi yana yi, abin da bai iya ba shi ne sanin mi ya kashe akuyar, kuma wannan a wajen feɗe mushen ake koyon shi. Ran da ka fara buɗe ƙirjin saniyar da ciwon huhu ya kashe za ka ga ruwa rawaya cike, huhun ya yi tauri ya manne da haƙarƙari, wari kuwa sai ka kwana biyu kana jin shi a hanci. Can kuma za a koya maka wadda ba a taɓawa sam, in dabba ta faɗi farat ɗaya baƙin jini na fita ta hanci bai daskare ba to ciwon saifa ake zargi, ka sa wuƙa ka zuba ƙwayar a ƙasa ta yi shekaru tana jira, kai ma tana iya kama ka.

Garkuwar jiki akwai haddace sunaye, ban ɓoye maka ba. Amma ita za ta ba ka amsa ran da baba ya ce an yi wa jar akuyarshi rigakafi kuma ta mutu: ko maganin ya sha rana don ba ƙanƙara, ko ciwon ya riga shiga tunda jiki na ɗaukar sati biyu zuwa uku kafin ya shirya. Ɗan akuya kuma dakashin uwa ke kare shi, in aka yi mashi da wuri allurar ba ta kamawa. Da rigakafi aka kawar da ciwon bushiya na shanu daga duniya a 2011, yanzu annobar awaki da tumaki ake son gamawa da ita nan da 2030.

Makaranta kuwa akwai EISMV, makarantar likitan dabbobi ta Dakar da Nijar ke cikin ƙasashen da suka mallake ta, ga Sakkwato da Zariya nan kusa in turancinka da dama. Kafin nan ka riƙa leƙawa mahauta da asuba ka tsaya bayan mai duba nama, in cikinka bai juya ba ka sake rubuto mana.