Amsa kan littattafan Dragon Age

Salamu alaikum jama'a. Ƙanina da ya tambaya jiya ko littattafan wasan bidiyo na Dragon Age suna da wani amfani ko kamfani ne kawai ke tatsar mutane, ga amsarka, rubutu zai yi tsawo shi ya sa na yi murya. Wanda bai gama Origins, wasan farko na Dragon Age, ba ya sani zan fasa ƙwai.

To, ka fara da The Stolen Throne. A 2009 ya fito, watanni kafin wasan. David Gaider ne ya rubuta, shi ne kuma babban marubucin wasan a BioWare, kamfanin da ya yi shi, ka ga ba ɗan haya aka ɗauko daga waje ba.

Ka tuna Loghain, babban kwamandan sojojin ƙasar Ferelden, a yaƙin Ostagar? An kunna wuta a saman hasumiya, alamar ya shigo da rundunarsa, sai kawai ya ce a juya, ya bar Sarki Cailan ya mutu a filin daga. Duk wanda ya buga wurin nan ya tsani mutumin. To littafin sai ya mayar da kai zamanin da daular Orlais ta mamaye Ferelden. Loghain ɗan manomi ne, sojojin Orlais suka kashe mahaifiyarsa a gaban idonsa, mahaifinsa kuma ya mutu wajen kare Maric, uban Cailan ɗin nan. Shi da Maric suka kori 'yan mamaya. Yanzu ɗan Maric ya tashi yana maganar a gayyato sojojin Orlais su taya yaƙi. Ka gane? Ban ce Loghain ya yi daidai ba fa, cin amana sunansa cin amana. Amma in ka karanta, ranar da aka tsayar da shi gabanka a Landsmeet, taron manyan Ferelden, a sare shi ko a bar shi, wallahi sai hannunka ya yi nauyi a kan maɓallin.

A littafin Asunder na 2011 ne Cole, ɗaya daga abokan tafiyarka a Inquisition, wasa na uku, ya fara bayyana. The Masked Empire kuma, na Patrick Weekes, 2014, shi ke warware rigimar mulkin Orlais tsakanin Celene da Gaspard da Briala. In ba ka karanta ba, za ka shiga liyafar Winter Palace a Inquisition kana zaɓar mai mulkin daula alhali ba ka san waye waye ba.

Nan ne ma nake da ƙorafi. A zurfafa labari a littafi, madalla. Amma a ciro guntun da ya kamata ya zauna cikin wasa a kai shi littafi, wannan rashin kyautawa ne ga wanda ya riga ya sayi wasan. Blizzard, kamfanin da ya yi wasan World of Warcraft, ta fi kowa wannan hali. A World of Warcraft an kama wani shugaba mai suna Garrosh, sai kawai ga shi can wata duniya, Draenor. Shari'arsa da yadda ya tsere duk suna cikin littafin War Crimes na Christie Golden, 2014. Haba!

Yauwa, wani ya jefo wasan Witcher cikin hirar. Wannan daban ne, littafin ne uba. Andrzej Sapkowski ya fara labarin Geralt, jarumin Witcher, a Poland tun 1986, wasan farko sai 2007.

In ɗaya kawai za ka iya, Stolen Throne. Gama shi kafin ka kai Landsmeet. Sai anjima.