Zakka da tallafa wa mai bishara a birni

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce tunda aiki ya kai ka Abuja, ina zakkarka za ta tafi, gida ko majami'ar Mararaba inda kake sujada, kuma yaya ake riƙe mai bishara a wurin da babu gona.

Ta farko mai sauƙi ce. Zakka tana zuwa inda ake kiwon ka, haka dattawa suka ɗauki Malakai 3:10. Gida kuma ka aika da baikon godiya na kaka da gudummawar gini.

Ta biyun ce mai aiki. A ƙauye jama'a kan ba mai bishara gona, a yi masa gayya, a kai masa dami bayan girbi, Zumuntar Mata su kai itace da kayan miya. Abin da al'adar take nufi shi ne kada mutumin ya bar aikin Ubangiji ya tafi neman abinci. To, a birni gonarsa ita ce kuɗin haya, kuma mai gida na shekara guda yake karɓa a dunƙule. Nan yawancin sababbin wuraren addu'a suke mutuwa. Da zafin farawa a sayi lasifika da janareta da ganguna, wata na goma sha biyu ya zo, asusu babu ko sisi.

Sai ku raba kuɗin hayar kashi goma sha biyu tun ranar farko. A ce naira 600,000 ce, wato 50,000 a wata, mutum goma kowa 5,000. Wanda zai ba da 2,000 kowane wata ba fashi ya fi mai alkawarin 100,000 a ranar gidauniya saboda tafi. Bulus ma cewa ya yi a riƙa ajiyewa kowace ranar farko ta mako, 1 Korintiyawa 16:2.

Kada kuɗin ya bi hannu da hannu. Ya shiga ta ma'ajin majami'a, ko ta EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ikkilisiyar ECWA, wadda ta ma girmi ECWA ɗin da aka kafa a 1954. Mutum biyu su ƙirga baiko, su sa hannu a littafi, a karanta rahoto gaban jama'a duk wata uku. Mai tura wa fasto kuɗi ta waya a ɓoye, ko da zuciya ɗaya, yakan wayi gari yana jin faston nasa ne, daga nan rigima take tashi.

Ku kuma duba su wa kuke nema. Masu gadi, 'yan aikin gida da leburorin gini ba su da safiyar Lahadi. A sa musu sujadar Hausa da yamma, a tanadi Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi, a ware kuɗin mota don ziyarar asibiti da kurkuku. Lasifika kuwa a juya ta ciki. Maƙwabtanku galibi Musulmi ne, a gaishe da mai unguwa kafin a fara, kada kuma a ɗaga murya lokacin sallarsu.

Fili, in kun kai ga saye, kada ku tsaya ga takardar sarkin ƙauye kaɗai. Ku kai lambar filin ofishin filaye na gwamnati a bincika kafin a biya, don gini marar izini a kewayen Abuja rusau yake jira.

Ka gaishe da iyali.

Kawunka