Zafin kwampireso: za a iya ɗumama ruwa da shi?

Tambaya: Malam, ina da shagon fentin mota a Suame Magazine, Kumasi. Bututun da ke fitowa daga kan kwampiresona (injin matse iska) yana ɗaukar zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Shin zan iya ɗumama ruwan wanke kayan gyara da shi, kuma akwai haɗari?

Amsa: Ɗan'uwa, za ka iya, kuma tunaninka yana kan hanya, domin wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da injin yake ci zafi take komawa. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, shi ya sa injin dizal ba ya buƙatar tartsatsin fulogi, matsin kaɗai ke kunna mai. A lissafi, idan aka matse iska mai digiri 30 zuwa bar 7 (bar ma'aunin matsin iska ne) ba tare da sanyayawa ba, za ta haura digiri 250. A masana'antu akan karɓi zafin daga man injin a miƙa shi ga ruwa ta jikin faifan ƙarfe, har ruwan ya kai digiri 70.

A shago irin naka, abin da ya fi dacewa shi ne ka naɗa siririn bututun jan ƙarfe a bayan wanda ke zafi, ruwa ya riƙa bi ta ciki yana zuba a buɗaɗɗen duro. Kada ka toshe bakinsa ko ka sa masa famfo, domin ruwan da aka kulle kan zafi yana komawa tururi ya fasa bututu. Kada kuma ka huda ko ka yi walda a jikin tanki ko bututun iska, komai ƙwarewar mai waldan.

Abin da ya fi damuna shi ne masu lulluɓe bututun da tsumma wai don adana zafi. Man injin yana bin iska yana ƙonewa a ciki, ya bar baƙin dauɗa kamar na gindin tukunya, kuma idan zafi ya yi yawa wannan dauɗar tana iya kamawa da wuta. Ga shi kuma shagonka cike yake da tina da fenti. Ka bar fankar injin ta yi aikinta, ka tabbatar bawul ɗin kariya, mai sakin iska idan matsi ya yi yawa, yana buɗewa, sannan kowace yamma ka kwance makunnin ƙasan tanki ruwan da ya taru ya fita, musamman da damina, kafin tsatsa ta cinye ƙarfen ta ciki.