Me ya sa mitoci ke yin shiru a layin RS-485?

Tambaya: Na haɗa mitocin wuta 12 da PLC (ƙaramar kwamfuta mai sarrafa injuna) a layin RS-485, wato wayar da na'urori da yawa ke aika wa juna saƙo ta kanta, da tsarin saƙo na Modbus RTU, tsawon waya kusan mita 400. Kowace mita na ja mata wayarta daga akwatin PLC, na sa mata resista mai om 120. Wasu suna amsawa, wasu sai sun ga dama, in babban injin ya tashi kuwa duk su yi tsit. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, resistocin nan ne suka fara ɓata maka aiki. Biyu kacal layin yake so, ɗaya a kowane ƙarshe, tsakanin A da B, wato wayoyi biyu masu ɗaukar sigina. Aikinsu shanye sigina idan ta kai bakin waya, don kada ta dawo ta gauraya da saƙon da ke biye. Ka kashe wuta ka auna tsakanin A da B da multimita, om 60 ko kusa da haka ya kamata ka gani. Naka guda 12 om 10 za su ba ka, nauyin da ya fi ƙarfin na'urar da ke aika saƙon. Ka duba kuma, wasu na'urorin da tasu resistar a ciki, ɗan makunni ke kunna ta.

Sai tsarin jan wayar. Kowane reshe da ka ja daga akwati ƙarshen layi ne da sigina za ta buga ta dawo. Waya ɗaya za ka ja daga PLC zuwa mita ta farko, daga nan ta biyu, har ta goma sha biyu, ka ɗaure mai shigowa da mai fita a tasha ɗaya. Mita 400 ba nisa ba ne, a gudun aika saƙo na 9600 (bit a kowace daƙiƙa) layin yana kai mita 1200.

Shirun da suke yi in injin ya tashi, hayaniyar lantarki ce. Ka sa murɗaɗɗiyar waya mai rigar ƙarfe, A da B su kasance a murɗi ɗaya, ka haɗa rigar da ƙasa a gefe ɗaya kawai. Kada ta kwanta a bututu ɗaya da kebul ɗin injin. In dole su haɗu, su gitta juna. Waya ta uku, wato GND ɗin sigina mai daidaita wuta tsakanin na'urori, masu aiki sukan raina ta, alhali bambancin wuta tsakanin na'urori bai kamata ya fita daga bolt -7 zuwa +12 ba.

In mita ɗaya ta ƙi magana bayan duk wannan, ka musanya mata A da B. Kamfanoni ba su yi ittifaƙi kan wanne ne wanne ba, kuma juyawar ba ta ƙona komai.