Tambaya da Amsa: Yaya ake sanin zafin narkakken ƙarfe?

Tambaya: Assalamu alaikum. An ce mana narkakken ƙarfe yana kai digiri 1,600 a ma'aunin Salshiyas. Wace na'ura ce take zama a cikinsa tana awo ba ta narke ba? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. A tanderun narkarwa babu wadda take daɗewa. Abin da ake tsomawa siraran wayoyi ne biyu na filatinum da rodiyum, ƙarafa masu jure zafi, a bakin bututun kwali. Cikin 'yan daƙiƙu zai ba da lamba, ya ƙone, a jefar.

Tsakanin wannan awo da na gaba, ƙiyasi ne aikin kwamfuta. Takan ɗauki lambar ƙarshe ta riƙa ragewa: babbar tukunyar da ake juye ƙarfen a ciki tana asarar kimanin digiri ɗaya a minti, ga sanyin da sinadaran da aka zuba suka kawo, ga na iskar argon da ake motsa shi da ita. Inda lissafin ya fi kwaɓewa shi ne bulon da aka shafe cikin tukunyar da shi. Wadda ta jima a ajiye, ko aka sake mata sabon bulo, tana shanye zafi fiye da wadda ta dawo daga aiki yanzu. In ba a shigar da wannan ba, kwamfuta za ta yi ƙarya da gaba gaɗi.

A injin zubi, irin na masana'antar ƙarfe ta Aladja a Jihar Delta da aka tsara don samar da sandunan ƙarfe ga masana'antun Katsina, Jos da Osogbo, tsakiyar sandar ma ba ta aunuwa. Sai a auna ruwan da ke sanyaya mazubin tagulla, shigarsa da fitarsa. Kowace lita da ta ƙaru da digiri ɗaya ta kwashe kilojul 4.2 (ma'aunin yawan zafi), daga nan ake lissafa kaurin ɓawon da ya daskare a jikin sandar.

Ana so ƙarfen ya iso da rarar digiri 20 zuwa 30 bisa matakin daskarewarsa. In ya gaza, ya toshe bakin mazurari. In ya zarce, ɓawon ya yi siriri ya fashe, narkakken ƙarfe ya malale kan injin.

Na'urar da ke awo daga nesa ta hanyar haske kuwa, saman kawai take gani. Tururi, hayaƙi ko ɓawon tsatsa sukan sa ta nuna ƙasa da gaskiya.